Ƙofar da Baban Bushiya Ya Bari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da mai gidana a kan makara, a farkon bazara irin wagga. Ni ban iya rubutu ba, ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, don abin da ke cikin kaina takarda ba ta ɗauke shi. Surukata Mariama, matar ɗana Ilyasu, ita ke riƙe da alƙalami, malamar lakwal ce. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Sunansa kuwa ba zai fito daga bakina ba. Shekara arba'in da ƴan kai ban kira shi ba yana da rai, ba yau zan fara ba. Amma duk wanda ya girma a unguwarmu cikin tsohon garin Agadas ya san Baban Bushiya, magini.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne, kwanan baya Mariama tana duba salularta sai ta yi dariya, ta ce, "Inna, ga labarin da ya dace da Baba." Wai masana sun gano wata irin bushiya a wata ƙasa can gabas mai nisa. Da ana haɗa ta da ƴan'uwanta, sai da suka duba da kyau suka ga ita daban ce, suka raɗa mata suna, suka ce sabuwa. Ta nuna mini hoton. Idona ya yi yana, ban ga komai ba sai wani dunƙule. Ita tana dariya, ni gabana yana faɗuwa, kuma ta san dalili, don tare muke kwana da tashi da tsoro guda a gidan nan.

Da yana nan, na san abin da zai ce. Zai ce, "Sabuwa ina? Allah ya halicce ta tun ran da ya halicci sauran. Su ne sababbi a wajenta." Sannan zai sa a ƙara girman hoton don ya ƙidaya yatsun ƙafarta. Haka yake. Shi ya nuna mini cewa bushiyarmu ta nan, mai baƙar fuska da farin goshi da manyan kunnuwa, yatsa biyar gare ta a ƙafar baya. Wata rana aka sauke buhunan hatsi daga kamyo, babbar motar kaya, da ya biyo ta garin Aderbisinat, sai ga wata bushiya ta faɗo daga cikin kara. Ya kawo ta gida cikin hularsa, ya jira har ta saki jiki, ya ɗaga ta ya ce in ƙidaya. Huɗu. Ya ce, "Kin gani? Baƙuwa ce, ƴar kudu." Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, ya raba iri biyu a tsakar gida tun ba a haifi masu salula ba.

Ga yadda ya sami sunan. Duk katangar da ya gina a garin nan, sai ya bar ƙofa a gindinta, daidai bakin ƙaramin tulu. Ba magudanar ruwan sama ba, wannan daban take. Ita wagga yakan sa hannu ciki ya shafe ta da laka har ta yi sumul, wai kada ƙaya ta maƙale. Masu gida da yawa sun yi masa faɗa. Na ji da kunnena ranar da wani attajiri mai fataucin gishiri ya biyo shi har zaure.

"Malam, katanga na sa ka yi mini, ka bar mini rami? Ka buɗe wa kunama hanya ke nan."

"Alhaji, kunama ba ta neman ƙofa," in ji shi. "Ta kan katanga take hawowa, cikin itacen girki ake kawo maka ita har madafa, kai ma ka biya kuɗin dako. Bushiya ce mai kunya, ba ta shiga gida sai an buɗe mata."

"In na toshe fa?"

"Gidanka ne. Amma ka riƙa kakkaɓe takalman ɗiyanka."

Ba kowa ya san abin da kunama take a garin nan ba sai wanda ya yi bazara a cikinsa. Babba in ta harbe shi ya yi kwana yana kuka, ya tashi. Ƙaramin yaro kuwa, wanda jikinsa bai kai ya raba dafin ba, sai abin da Allah ya yi. Ba unguwar da ba ta da uwa mai wannan tabo. Bushiya kuma kunama ce abincinta. Ya sha tsugunar da ni bayan magariba in kalla: sai ta sunkuyar da goshi, ƙayar ta rufe mata fuska, kunama ta yi ta sara a banza, ita kuwa ta kama wutsiyar ta datse, sannan ta cinye sauran tana ƙamas-ƙamas kamar mai cin gyaɗa.

A gidanmu yakan ajiye sakaina da ruwa a bakin ƙofar. Da la'asar kuma ya tankaɗe yashi mai laushi ya baza a gabanta, da safe ya tsuguna ya karanta. Da haka yake sanin wanda ya shigo da wanda ya fita. Kunama tana barin ɗigo-ɗigo jere biyu. Ɓera yana barin sawu, da zane a tsakiya inda wutsiya ta ja. Bushiya kuwa sawunta kamar tafin hannun jinjiri, kuma ba zane, don ba ta da wutsiyar da za ta ja ƙasa. Ya koya wa Ilyasu wannan karatu tun kafin ya kai shi makarantar allo.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ban taɓa son abin ba. Ni mace ce mai ji da kanta, har yau. Tsakar gidana ana iya shanya gari a kai. In ana biki a unguwa, ni ake kira in zauna tsakiya, mata su kewaye ni don labari da tatsuniya, ba mai katse ni. Amma da na juya baya sai in ji ana raɗa, "Uwar bushiya ta tafi ba ɗiyanta nono." Wata ma ta taɓa tambayata gaban jama'a ko a gado guda muke kwana da su. Ga wari, ga kashi a gindin randa, ga wannan huci da take yi kamar tsoho mai asma. Nakan ce masa, "Malam, mutane suna gina suna, kai ka gina wa bushiya." Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗiya bakwai muka haifa a gidan nan. Nawa kunama ta harba?" Ba ko ɗaya. Ni kuwa na ce wannan tsarin Allah ne, ba na wata ƙazamar dabba ba. Ya ce, "Tsarin Allah ne. Ita ya aiko."

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi wata uku. Ana gobe zai cika, ya gama yi wa ɗiya wasiyya a kan gida da zumunci, sai ya juyo gare ni. Na matsa, ina tsammanin wata babbar magana. Ya ce, "Kada ku toshe ƙofar." Wallahi, Allah ya yafe mini, haushi na ji. Shekara arba'in, kuma maganarsa ta ƙarshe gare ni ta bushiya ce.

Shekara uku bayan rasuwarsa, Ilyasu, wanda ke tuƙa mota tsakanin nan da Dirku, ya sami buɗi, ya ce zai gyara mini gida. Aka shafe katanga da siminti, aka shimfiɗa karo, wato tayil, a ɗakuna, abin gwanin kyau. Da maginin ya iso gindin katangar gabas sai ya tsaya ya ce, "Wannan ramin fa?" Ilyasu ya dube ni. Ina so masu karatu su ji wannan da kyau, don kada wani ya ɗora wa ɗana laifi. Ni ya duba. Maƙwabta mata biyu suna tsaye suna kallon aikin, ɗaya cikinsu ita ce mai maganar gado. Na ɗaga kai na ce, "Toshe."

Kwana uku a jere, da an idar da sallar magariba, sai in ji ana karta katangar daga waje, daidai wurin. Kar-kar-kar, a yi shiru, a sake. Na ƙara ƙarar rediyo. A rana ta huɗu ban ji komai ba.

Shekaru suka wuce lafiya lau, har nakan ce a raina, ashe tsohon nan wahala kawai ya ba mu. In bazara ta zo Ilyasu ya sayo maganin feshi a fesa lunguna. Mukan ga kunama jefi-jefi, a take ta da takalmi, a manta. Ashe abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni kuwa da furfurata ni ce yaron.

Bazarar bara waccan, da hantsi, Ilyasu yana hanya. Tamo, ɗiyarsu, tana da shekara uku lokacin, ta ga uwarta na shirin fita ta ce ita ma za ta bi. Ta ruga ta zura ƙafa cikin ɗan takalminta na roba da ya kwana a bakin ɗaki. Ihun da ta yi, na ji ihun yara iri-iri a rayuwata, na karɓi haihuwa, na yi wankan gawa, ban taɓa jin irinsa ba. Mariama ta fizge takalmin, abar ta faɗo, mai kaurin wutsiya, ta nufi gindin randa ba ko gaggawa. Kafin maƙwabcinmu ya tada moto, wato babur ɗinsa, yarinya ta jiƙe da zufa sharkaf, miyau yana dalala, idanu suna juyawa, jiki yana karkarwa kamar an tsoma ta a ruwan sanyi. Aka tafi da ita gidan likita. Ni ba wurina a moto. Aka bar ni ni kaɗai a tsakar gida mai kyau, da takalmi ƙafa ɗaya a hannu.

Na kashe waccan. Sannan wani abu ya ce mini in ɗaga itacen girki. Na sa sanda na ture, sai ga uku. Na ja randa, ga wata, da ƴaƴanta farare a bayanta. Na tsaya ina duban katangun nan masu santsi, ba tsaga ba rami, na gane cewa ba kunama na toshe wa hanya ba. Na rufe ta ne ciki tare da jikata, na kori mai gadi.

Allah ya yi Tamo na da sauran shan ruwa. Likitoci sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, kwana biyu suna kanta. Amma Mariama ta gaya mini cewa yaron da ke gadon kusa da su, shi ma kunama ce, uwarsa ta koma gida da zane a hannu ba kowa a bayanta. Tana rubuta wannan yanzu, ina jin alƙalamin yana tsayawa. Rubuta, ɗiyata. Ai gaskiya ce.

Tun kafin a sallamo su na ɗauki taɓarya na nufi katangar gabas. Ni da ban iya ɗaga guga ba, ban san inda na sami ƙarfi ba. Na yi ta duka har simintin ya tsage ya faɗa. Na zura hannu don in kwashe ɓaraguzai, sai na ji tsohuwar lakar nan sumul, da shatin yatsunsa guda huɗu inda ya shafa. Ban yi kuka ran da ya rasu ba, don kada a ce ban da tawakkali. Ranar nan na yi.

Da na sani ƙeya ce. Na buɗe ƙofa, na sa sakaina, na tankaɗe yashi, amma wa zai shigo? Bazara biyu ke nan ina jira. Agadas ɗin da Malam ya sani ba shi ne wanga ba. Da, daga gidanmu zuwa lambunan bakin ƙorama fili ne da kangaye, bushiya ta yi yawonta daga gida zuwa gida ta ƙofofin da ya bari. Yanzu tubalin siminti ne ko'ina, motocin masu neman zinariya da na matafiya ba sa tsayawa, moto kamar fara. Abar da in ta ji tsoro ba ta gudu, sai ta dunƙule wuri guda ta dogara da ƙayarta, mi ƙaya za ta yi wa taya? Wadda ta tsira daga hanya ta ci ƙwaron da aka fesa wa magani. Wadda ta tsira daga wannan, a kama ta don fatarta.

Na sa an kai ni kasuwa wajen masu magungunan gargajiya, ko zan sami ta saye. Mai rumfar ya zazzage mini fatu busassu a tabarma, ya ce ta hayaƙi ce ko ta jiƙo nake so. Na ce mai rai nake nema. Ya yi dariya ya ce, "Inna, mi za ki yi da mai rai? Mu ma sai mun aika daji can nesa ake samo mana, nan kusa sun ƙare." Na shafa fatun nan ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin ko wadda ta yi kwana uku tana karta mini katanga tana ciki.

Shi ya sa labarin Mariama bai ba ni dariya ba. Can wasu suna murna sun sami wadda ba su sani ba, nan mu mun rasa wadda muka sani. Da Malam zai iya aika musu saƙo, na san ba zai tambayi sunan da suka ba ta ba. Zai ce, "Tana cin kunama?" Sannan ya ce, "Kun bar mata ƙofa?" Don suna a takarda ba ya hana a wayi gari sai fata a tabarma.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Yashin nan ba ya ƙarya, kuma ba abin da nake so kaɗai yake faɗa ba. Sau da yawa an karanta mini sawun ɓera. Sau biyu kuma ɗigo-ɗigo jere biyu, sun shigo ta ƙofar da na buɗe da hannuna. Ilyasu ya gani. Bai ɗaga mini murya ba, ba tarbiyyarsa ba ce, amma ya tsuguna ya ce, "Inna, zamanin Baba akwai mai shigowa ta cinye su. Yanzu su kaɗai ke shigowa. Ɗiyata guda ce." Kafin tafiyarsa ta wannan karo ya ajiye rabin buhun siminti a zaure, ya ce in ya dawo aka yi sadakar shekarar Baba, zai toshe. Mariama tana bayansa. Ba ta faɗa ba, amma ina jin ta kullum tana jan tabarmar Tamo nesa da katangar gabas. Ban ga laifinta ba. Ita ta riƙe yarinyar a kan moto, ba ni ba.

Ni kuma ina tsoron kaina. Girman kai ya sa na toshe. Wa ya sani ko girman kan ne ya sa na buɗe, don in wanke kaina a gaban mamaci? In aka toshe, na san abin da ya faru a baya. In aka bari, wata ta bi ta nan ta sami Tamo, da wane ido zan dubi uwarta? Shi da zan tambaya ba ya nan. Nakan zauna in kakkaɓe takalman gidan nan duka, sau biyu, sau uku, har yarinyar tana ce mini, "Kaka, kin riga kin yi wannan."

Jiya da safe, bayan na idar da lazimi, na lallaba zuwa katangar. Sakainar ta yi sauƙi a hannuna, ruwan ya ragu fiye da yadda iska ke sha. Na ga kamar yashin ya motsa, amma idon ya ƙi. Ban kira Mariama ba, don tana iya tausaya mini ta faɗi abin da nake so, ko ta ji tsoro ta faɗi akasinsa. Na kira Tamo. Ta cika biyar yanzu, ba ta san wace amsa ake jira ba. Na riƙe ta gam a ƙugu, na ce kada ta taɓa komai.

"Mi kika gani?"

"Hannun jariri, Kaka. Ƙanana-ƙanana."

"Duba tsakiya da kyau. Akwai zane, kamar an ja zare?"

Ta sunkuya har numfashinta na tada yashi. "Babu."

"Ke, ƴar nema, kada ki yi wa tsohuwa ƙarya."

"Wallahi babu. Kin cika tsoro, Kaka."

"Sun shigo ne ko sun fita?"

Wannan ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba.

In aka auna abin da ya rage na mutumin nan, ba shi da yawa. Katangun da ya gina, wasu ruwa ya cinye, wasu an rushe, sauran an shafe su an toshe ƙofofin. Bai bar kuɗi ba, bai bar takarda mai sunansa ba. Ya bar rami guda a gindin katanga, da shatin yatsu huɗu a ciki, da wani karatu da ake yi a tsugune. Ya bar mini kuma maganar da na raina, wadda sai yanzu na gane ba ta bushiya ba ce. Jikokin da bai gani ba yake yi wa wasiyya.

Na kife babbar ƙwarya a kan sawun, na ɗora dutse don kada iska ta share. Ga ni zaune kusa da ita nake faɗin wannan, na hana kaji, na hana tsintsiya. Gobe Ilyasu zai iso daga Dirku. Simintinsa yana zaure, ban taɓa ba. Ba zan yi masa gardama ba, na gama yanke hukunci a kan katangar nan. Zan ce ya ɗaga ƙwaryar kawai. Ubansa ya koya masa karatun yashi, in bai manta ba ya karanta da kansa, ya gaya mana ko ta shigo ne ko ta fita.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ƙofar da ya bar wa ƴar ƙaramar halitta ta zama tasa a can. Ku kuma masu ƙananan ɗiya, bazara ta shigo. Ku kakkaɓe takalma.